Alhaji Lukmanu da Motarsa Mai Ƙofa Biyu

Jawabin da Alhaji Halliru mai kayan gini ya yi a taron addu'ar arba'in ta marigayi Alhaji Lukmanu Sulaimanu, a ƙofar gidansa da ke Djamboutou, Garoua.

Da sunan Allah mai rayarwa, mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Mai girma wakilin Lamido, Allah ya ƙara girma. Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Liman da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Sarkin Fawa da dattawan kasuwar shanu, wakilin meri, wato magajin gari, Madam Geneviève, wadda ta taso tun daga Douala duk da ciwon gwiwa, Hajiya Dela, maiɗakin marigayi, 'ya'yansa Hassan da Fati da ƙannensu, 'yan'uwa da maƙwabta, assalamu alaikum. 'Yan'uwanmu Fulani da suka cika wannan rumfa, Allah hokku en munyal, wato Allah ya ba mu haƙuri.

Da Sarkin Fawa ya aiko cewa ni zan yi magana yau, na ce a nemi wani. Na gaji da tsayuwa a irin wannan wuri. A 'yan shekarun nan duk wanda ya tafi cikin sa'o'inmu sai a ce Halliru ya tashi ya faɗi wani abu, har kalmomin sun fara ƙare mini. Sai aka ce ba wanda ya yi gardama da Lukmanu kamar ni, saboda haka ba wanda ya san shi kamar ni. Wannan kam ban iya musawa ba, shi ya sa kuka gan ni tsaye.

Ya kasance ɗan gidan fawa, jikan mutanen da suka zo garin nan daga Kano da fatauci suka zauna. Ya kasance dillalin shanu da ake ba shi garke a kan magana, ya kai Ngaoundéré, ya sa a jirgin ƙasa zuwa Kudu, ya dawo ba a ji wani ƙorafi ba. Wannan dattawan kasuwa sun fi ni sani. Ni abin da na sani shi ne ya kasance mutum mai son mota, son da mutane da yawa suka ɗauka wauta ce.

A farkon shekarun tamanin, lokacin da auduga ke da daraja kuma albashi na zuwa a kan kari, wani Bature malamin lise, wato sakandare, zai koma gida, Lukmanu ya sayi motarsa: Pijo 504 kupe, shuɗiya, mai ƙofa biyu, gajeriya har kamar cikinta zai taɓa ƙasa. Ranar da ya kawo ta, mahaifinsa marigayi Baba Sulaimanu ya zagaya ta da sandarsa, ya leƙa ciki, ya tambaye shi ina danginsa za su zauna. Lukmanu ya sunkuyar da kai. Amma bai mayar da ita ba.

Ba a daɗe ba ni ma na kawo tawa, 504 kupe ita ma, amma ƙirar baya, mai inji Ve-sis. Daga nan rigima ta tashi, kuma ba ta kwanta ba sai da aka kai shi makwancinsa. Shi tasa ƙirar farko ce, mai fitilu huɗu a rabe da parshok, wato bamba, na ƙarfe mai sheƙi. Tawa an haɗe fitilun a gilashi ɗaya, parshok ɗin kuma na roba. Kullum yana cewa an rufe wa tawa ido, an ɗaura mata bokiti a baki. Ni kuma ina cewa tasa kyau kawai gare ta, in muka hau gudro, wato kwalta, sai dai ya bi hayaƙina. Yana cewa Ve-sis ɗina tana shan esansi, wato fetur, kamar raƙumin da ya fito daga daji. Duka gaskiya muke faɗa, kuma ba wanda ya taɓa yarda.

Muna haɗuwa ranar Lahadi bayan la'asar a gindin darbejiyar da ke gaban garejin Idrisa. Akwai marigayi Hamidu, ma'aikacin kamfanin auduga, da 'yar jar 205 GTI ɗinsa, wanda yake ce mana mu duka biyun jiragen ruwa muke tuƙawa. Akwai Madam Geneviève, ungozoma a asibiti a lokacin, da farar Celica, wadda takan bar mu mu gaji da surutu sannan ta ce ita dai tata tana tashi da safe ba sai an yi mata wa'azi ba. Wani lokaci mukan jera mu tsallake gadar Binuwai mu tafi Lagdo cin kifi, mu dawo muna musu a kan wanda ya fara isa. Na san wasu a unguwa suna cewa manyan banza ne, magidanta da gemu suna gardama a kan fitila. Ba mu ji haushi ba. Mun yi farin ciki a gindin bishiyar nan irin wanda ban sake samu ba.

Abu ɗaya ne a motata Lukmanu ya yi sha'awa, ko da yake bai taɓa furtawa ba: janti, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. Nawa na alminiyo ne, nasa na ƙarfe da murfi. Ya yi ta zaginsu yana cewa ado ne na 'yan birni, ashe ya riga ya roƙi ƙanin Madam da ke aiki a tashar jirgin ruwa ta Douala ya nemo masa waɗanda suka fi su. Ya jira fiye da shekara. Ranar da suka iso, Hajiya Dela za ta tuna, a falo suka kwana, a kan darduma sabuwa. Da aka ɗaura su, ya zo majalisa yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, yana kauce wa kowane rami. Ya fito ya tsaya, yana jiran in yi magana. Na ce sun yi faɗi da yawa. Ya yi dariya har da hawaye, domin ya san ƙarya nake yi.

Sai kriz ta zo, wato matsin tattalin arziki, kuma ba sai na ba ku labarinta ba. Kun ga lokacin da aka rufe gari, shaguna a kulle, hayaƙin taya a kan titi. Kun ga shekarar da aka yanke albashi, kun ga ranar da aka wayi gari darajar kuɗinmu sefa ta zube. Majalisarmu ta fara raguwa. Hamidu ne ya fara sayar da motarsa, kuma daga ranar ya daina zuwa, don kunya. Lukmanu ya riƙa zuwa har gida yana ɗauko shi kowace Lahadi, yana ce masa in babu shi wa zai riƙa zagin jiragen ruwa. Daga baya aka yi wa Hamidu canjin wurin aiki zuwa Touboro, ya kwashe iyali ya tafi. Ni ma tawa ta tafi ba da daɗewa ba. Tayoyinta ba a samunsu a garin nan, kuma yara na makaranta.

A tsakiyar daminar da ta biyo baya, wani mai koro shanu ya kawo saƙo daga Talatu, matar Hamidu: mijinta yana kwance, cikinsa ya kumbura, ba ya iya tashi, kuma motocin haya sun daina bin hanyar saboda ruwa da zargina masu tare hanya. Muka zagaya wajen waɗanda ke da manyan motocin daji. Wannan ya ce tasa na gareji, wancan ya ce a bari ruwa ya ja baya. Ban kama sunan kowa ba, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya, kuma tsoron da suka ji ba na banza ba ne.

Da hantsi na iske Lukmanu a garejin Idrisa, motar a ɗage. An kwance jantin alminiyon nan an jingine su a bango, ana ɗaura mata na ƙarfe, baƙaƙe masu tsatsa, da aka ciro daga wata tsohuwar Pijo familiyal ta tasha, da tayoyi masu kauri. An sa mata ƙarfe an ɗaga ta sama. An cire kujerar gaba ta mai zaman banza, an shimfiɗa katifa tun daga gaba har baya. Na ce masa wannan mota ba a yi ta don hanyar Tcholliré ba, zai kashe ta, ya kashe kansa. Bai ɗago daga abin da yake yi ba, ya ce:

"Halliru, in Hamidu zai mutu, ya mutu a gaban uwarsa."

Hajiya Dela ce da kanta ta je ta roƙi Madam Geneviève ta bi shi da allurai da ruwan ƙari. Madam tana nan zaune, ita ta ba mu labarin tafiyar, don shi bai taɓa bayarwa ba. Sun kafe a laka ba sau ɗaya ba. Mutanen ƙauye sun tura su, wani wuri shanun noma ne suka ja su. Dutse ya tsinke salansa, ya ɗaure da waya. A bakin wani mayo, wato rafi, sai da suka zauna ruwa ya sauka, sannan ya shiga da ƙafa yana auna zurfi da sanda. Allah ya tsare su daga zargina. Da suka isa, aka fito da Hamidu a kan tabarma, ya rame har Madam ba ta gane shi ba. Ya buɗe ido ya dubi motar, duk ja da laka, a tsaye kan tayoyin tasha, ya ce da 'yar muryar da ta rage masa:

"Lukmanu, wa ya yi mata wannan wulaƙanci?"

Lukmanu ya ɗauke shi ya kwantar da shi a kan katifar.

Sun kawo shi Garoua da rai. Likitoci sun yi abin da za su iya, amma ciwon ya riga ya yi nisa. Ya yi 'yan makonni, ya cika a ɗakin mahaifiyarsa, hannunta a kan goshinsa. Mu muka yi masa wanka, mu muka kai shi.

Bayan haka mun zaci Lukmanu zai gyara motar ta koma yadda take. Bai mayar da kujerar ba, bai mayar da jantin ba. Na tambaye shi dalili, ya ce ya gaji da tsoron rami. Unguwa kuwa ta lura akwai mota mai katifa a gidan Alhaji Lukmanu. Ya kasance wanda ake buga wa ƙofa in naƙuda ta zo da gardama. Ya kasance wanda ake kira in mahauci ya yanke a mayanka, in tsoho ya faɗi a masallaci, in yaro ya ƙone. Lokacin kwalara, da mutane ke gudun taɓa nasu, ya kasance mai ɗauka, ya dawo ya wanke motar da ruwan javel mai kashe ƙwayoyin cuta har fentin ya koɗe. Ya kasance bai tambayi ko Bahaushe ne, ko Bafulatani, ko Kirista daga Kudu ba. Akwai samari a wannan rumfa, ina ganinsu, da aka haifa bayan an kai iyayensu asibiti a motar nan. Akwai ɗaya ma da bai bari an isa ba.

Kada in sa ku ɗauka waliyyi ne. Yana da taurin kai, yana da faɗa. Zai kai ka asibiti yana yi maka masifa a kan ka buga masa ƙofar mota da ƙarfi. Kuma Hajiya, mun sani ke kika biya rabin wannan alheri: abinci ya huce sau nawa, baƙi sun zo sun tarar ba ya nan sau nawa, ke kika wanke zanen katifar nan shekara da shekaru. Ba mu taɓa zuwa mun ce miki sannu ba. Yau muna cewa, ko da ya zo a makare.

Da ciwon sukari ya ci idonsa, Fati ce ta karɓi tuƙi, shi yana zaune a baya yana gyara mata canjin giya da kunne. A ƙarshe ko hakan ya gagara. Ranar da na je duba shi ta ƙarshe, ya sa aka tayar da motar a tsakar gida don ya ji ƙararta daga ɗaki. Ya saurara na ɗan lokaci, ya ce a kashe, ta gaji ita ma.

Hassan, Fati, ku saurare ni, ni ubanku ne yanzu ko kun so ko ba ku so ba. Na san wani mai tara tsofaffin motoci ya aiko daga Douala yana son motar. Na san Hassan yana ganin a sayar, don shi ke ɗauke da karatun ƙannenku, kuma yana da gaskiya. Na san Fati tana ganin a bari, don ita ta san waɗanda ke buga ƙofa, ita ma tana da gaskiya. Kun zo wurina dabam-dabam kuna neman in raba, kuma yau na ga ko gaisawa ba ku yi ba. Rabon gado na malamai ne, ba nawa ba. Amma a ranar da na je duba shi na tambayi mahaifinku abin da yake so a yi da ita, ga abin da ya ce:

"Ƙarfe ce, Halliru. In sun sayar na yafe, in sun bari na yafe. Abin da ban yafe ba shi ne su daina cin abinci tare saboda ita."

Na isar. Kafin rana ta faɗi ku shiga wajen mahaifiyarku ku zauna, abin da kuka yanke mu mun karɓa.

Mu kuma mutanen Djamboutou, mu ji kunya kaɗan. Mun jingina da mutum ɗaya tsawon shekaru, ba mu taɓa tambayarsa ko ya gaji ba. Kada mu juya mu ɗora wannan kaya a kan 'yarsa. Ni ba ni da mota, ba ni da idon tuƙi, sa'o'ina sun ƙare. Amma ina ganin motoci a jere a bakin titin nan, sababbi, masu ƙofa huɗu. Masu su suna jina.

Muna godiya ga wakilin Lamido da Sarkin Hausawa, da malaman da suka sauke Alƙur'ani tun safe, da mahautan da suka ɗauki nauyin abinci, da matan unguwa da suka tsaya a kan wuta, da duk wanda ya taso daga Lagdo, Ngaoundéré da Touboro. Useko, mun gode. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, ga bawanka Lukmanu ɗan Sulaimanu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yafe masa zafin bakinsa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka jiƙan iyayensa da Hamidu da dukkan waɗanda suka riga mu. Ka ba Hajiya Dela haƙuri, ka haɗa kan 'ya'yansa. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Ya Allah, ya ɗauki bayinka da yawa a lokacin da ba su iya tafiya da ƙafarsu. Yau shi ne ba ya iya ɗaukar kansa. Ka ɗauke shi da rahamarka, ka hutar da shi.

Liman, a yi mana Fatiha.