Kuɗin Aike Daga Legas

A tashar motar Daura, Ma'aruf tela yana zaune a benci yana jiran dutsen gugar da ya ci a gwanjon intanet. Haushi ya hana shi yin shiru, sai ya juya ga wani dattijo da ke gefensa.

"Baba, ka ji zalunci. Na ci dutsen guga a dubu biyu, ina ta murna. Sai da na biya aka ce kuɗin aike daga Legas daban ne. Kuɗin zaren ɗinkin mutane na kwashe na tura."

"To ɗana, ai ko a kasuwar kara in ka sayi rago da arha, igiyarsa ba kyauta ba ce."

"Igiya ta taɓa fin rago tsada?"

"Ya danganta da wanda ya tufka ta. Mai kaya fa yana da iyali. Ga kwali, ga gam, ga tsadar mai. Dubu tara ai ya yi maka sauƙi."

Ma'aruf ya ƙura masa ido. "Baba, ban ce maka dubu tara ba ne."

Dattijon ya gyara zaman hularsa, ya yi ɗan tari.

"Kai ne Ma'aruf ɗin? To kayanka na ɗaure a bayan babur ɗina. Yanzu na iso daga nan Sandamu, kusa da ku."

"Sandamu ce Legas? Maido min da kuɗina in sayi zare."

"Ni ban yi ƙarya ba, ɗana. Daga Legas aka aiko shi, shekara shida ke nan. Kuma ni ma sai da na biya."