Ƙasar da Na Yi Daɓe da Ita

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Saratu. Ban yi makaranta ba, ban kuma iya dogon zance ba.

'Yan bindiga sun kashe mijina a ƙauyenmu can wajen Zurmi. Na goyo ɗiyata Rahila muka zo Kaura Namoda. Ban san kowa ba. Wani direba ya ji tausayina, ya ba ni kango a bayan tasha ya ce in zauna.

Ƙasan ɗakin duk ramuka ne. A bayan kangon akwai tudun ƙasa mai toka-toka, da laushi kamar gari. Na ɗebo, na kwaɓa da ruwan rijiyar gidan, na yi daɓe. Ya yi sumul har da sheƙi. Maƙwabciyata Inna Hajara ta leƙo ta ce, "Ke Saratu, miji za ki kawo mana ne? Ko ɗakin amarya bai kai wannan ba!" Ranar na fara dariya tun mutuwar mijina.

A kan daɓen nan Rahila take rarrafe tana tsotsar hannu. Sai amai. Sai ta daina miƙewa. Sai jijjiga. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce kambun baka. Daga ni sai ita a ɗaki, ba uwa, ba dangi.

Wata rana da rana tsaka na kifa goshina a daɓen nan na ce, "Yesu, uban ya tafi. Ita kaɗai ta rage mini. Nuna mini abin da ke cin ta." Ban ji wata murya ba. Na dai tashi na goya ta sai asibiti.

Suka auna jininta suka ce gubar dalma ce. Wani ma'aikaci ya biyo ni gida da na'ura mai kama da bindiga. Na ja da baya. Ya ce, "Mama, kwantar da hankalinki, ƙasa take dubawa." Ya ɗebi ruwan rijiya a kwalba. Ya ɗora na'urar a kan daɓe, ya duba abin da ta nuna.

"Mama, ina kika samo ƙasar nan?"

Na nuna masa tudun. Ashe da can masu fasa tsohon batir ke narka dalma a wurin, tokarsu ce na shimfiɗa wa ɗiyata. Rijiyar ma gubar ta shige ta, aka rufe ta. Aka kankare daɓen, aka kwashe tudun, aka zuba sabuwar ƙasa. Na yi kuka, don shi ne abu ɗaya mai kyau da nake da shi.

Rahila ta sha magani. Ba zan ɓoye muku ba, har yanzu bakinta bai buɗe sosai ba. Amma ga ta can bakin ƙofa, tsaye da ƙafafunta. Haleluya!

Na gode wa Ubangiji. Ku roƙe shi kai tsaye, 'yan'uwa, yana ji. Ni goshina na kan abin da nake tambaya a kai, kuma ya nuna mini.