Tandar da Ta Riga Ta Yi Baƙi

Fibi na zaune a bakin titin Barnawa tana jiran mota, da tandar masa a cinyarta. Wata dattijuwa da ke gefenta ta leƙa tandar.

"'Yata, a ina kike suya?"

"Ba na suya, Mama. Ƙanwata zan kai wa a Mahuta. Na so in fara sayarwa, amma ban shirya ba."

"Me ya rage?"

"Shekara sha ɗaya na yi a masaƙa kafin a sallame mu. Can sai an busa jiniya muke kama aiki. Yanzu da soja suka sauka daga mulki suka koma bariki, an ce ƙila a sake kiranmu."

Dattijuwar ta shafa cikin tandar, ta dubi yatsanta. "Shekara talatin ina masa a Tudun Wada. Sabuwar tanda ba ta yin baƙi haka. Wa ya ƙona ta?"

Fibi ta sunkuyar da kai. "Gwaji nake yi kullum da safe, in raba wa maƙwabta."

"Suna dawowa?"

"Har kwano suke aikowa. Jiya da na makara, sai da maigadin layinmu ya buga min ƙofa."

Dattijuwar ta yi dariya har da tafa hannu. "Ikon Allah! Mutum ya buga miki ƙofa saboda masa, ke kuma kina nan kina jiran jiniya?"

Motar Mahuta ta tsaya, ta cika, ta tashi. Fibi ba ta motsa ba.

"Mama," ta ce, "a ina kike sayen shinkafarki?"