Gaban Jibo da Gaban Garba

Ranka ya daɗe Hakimi, Allah gafarta Malam Alƙali da Liman, Ardo Tambaya da sauran ardo-ardo, dattawan Gusau, Tsafe da Bungudu, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ni ne Ma'u, shugaban masu haƙar rijiya. Na gode da kunka ba ni wuri in tsaya, ko da yake ƙafafuna zama suke so. Kwana ashirin muna bin gulbi da rafuka don amsa tambaya guda: ruwan da damina ta ɓoye ƙarƙashin yashi zai kai shanu faɗuwar ruwan sama, ko su tashi su yi kudu?

Baturen da yaz zo bara yac ce mani a ƙasarsu ruwa kan daskare bisa duwatsu, su soka sanda su ƙiyasta yawansa. Nac ce, "Ba ku kuskure?" Yac ce, "Kullum." To, su da ke ganin nasu da ido ke nan. Mu namu ɓoye yake, kuma abu huɗu ke sa mu kuskure.

Na farko, ma'auni. Da gaba muke awon zurfi, mutum ya miƙe hannuwansa bisa igiya. Na tura Jibo zuwa Bungudu, na tura Garba zuwa Mada, kowa ya dawo yac ce gaba biyu anka taras da ruwa. Kun san Jibo, sai ya duƙa yake shiga zaure. Kun san Garba, kun kuma san inda kansa ya tsaya. Shekara bakwai ina haɗa gaban wanga da gaban wancan kamar abu guda, sai bana na lura.

Na biyu, wuri. Mukan haƙa rami guda mu ce ya faɗi halin tafiyar wuni, alhali nan yashi ne, taki goma gaba dutse ne.

Na uku, lokaci. Ramin da anka gwada da safe ba shi ne na la'asar ba, in shanu sun sha. Wanda munka gwada ranar farko kuwa, Allah kaɗai ya san halinsa yau.

Na huɗun shi ya fi gajiyad da ni, wato mu kanmu. Mai ruwa ya ce babu, don kada a koro masa garke. Marar ruwa ya ce akwai, don kada a ce garinsa ya mutu. Ban ga laifin kowa ba, amma da maganarku nake aiki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bara a wurin nan nac ce ruwa ya isa. Ardo Tambaya ya yarda da ni ya zauna, rabin garkensa ya mutu a bakin ramukan Bilbis. Ardo, ba ka taɓa yi mani maganar ba, kuma shirun naka ya hi zagi ciwo.

Ranka ya daɗe, ka ce in ba da amsa guda. Na gaji, ba ni da ita. Wataƙila ruwan ya kai, wataƙila ya yanke saura wata guda. Abin da na sani kawai, shanu uku gare ni a duniya, kuma tun jiya na kora su kudu.

Allah ya kawo damina da wuri, ya tsare dabbobinmu, ya yafe mani na bara. Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.