A Bar Mana Malama Dinatu da Bahonta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban wanga taro, Alhaji Ja'afar. Mai girma hedimasta da malaman wagga makaranta, maza da mata. Mai unguwarmu da limaminmu. Iyaye maza da ke kan benci, iyaye mata da ke kan tabarmi, da waɗanda sunka tsaya bakin taga don su ga yadda za ta kaya: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, ina godiya ga shugaba da ya ba ni wagga dama. Ga wanda bai san ni ba, sunana Tamba, haifaffen Argungu, mazaunin Birnin Kebbi, manomin shinkafa a fadamar Zauro, kuma uban Ummu Hani ta aji ɗaya.

Magana guda ta tara mu yau. Wasu iyaye, Malam Abbas na gabansu, sun nemi a ɗauke Malama Dinatu daga aji ɗaya, saboda darasin da ta koyar na abin da ke nutsewa da abin da ke tasowa saman ruwa. In na sauka za a ɗaga hannu a yanke hukunci. Kafin nan ina da maganganu uku.

Ta farko, ban zo in ƙaryata kowa ba. An yi ɓarna, kuma a gidana anka fara. Malama ta kawo baho cike da ruwa, ta jefa dutse ya nutse, ta jefa kara ya taso, ta ce wa yara su riƙa lura da abubuwan da ke gidajensu. Lura ta ce, jama'a. Amma ɗan aji ɗaya da hannu yake lura. Ummu Hani ta dawo gida ta mai da randarmu makaranta. Makullin babur ɗina ya nutse. Tabaran kakarta ya nutse. Albasa ɗaya ta taso, sai ta juye sauran kwandon don ta tabbatar. Hulata ta zuwa Juma'a ta ɗan tsaya shawara a saman ruwa, sannan ta bi makulli. Da na tarar da yarinyar nan riƙe da wayata a bakin randa, na ce, "Ke, mi za ki yi?" Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, wagga kaɗai ta rage ban sani ba." Yanzu ta sani, ni ma na sani. Don haka Malam Abbas, da ka ce rediyonka tun ranar da ɗanka ya gwada shi ba ya kama komai sai kukan kwaɗi, na gaskata ka, kuma ina yi maka jaje. Na ji ma abin da ya sami kazar maƙwabcinka. Allah ya sa ta bushe lafiya.

Ta biyu ita ta fi tsawo, ku yi mini haƙuri. Da kayan gida sunka ƙare, sai ɗiyata ta koma kan mutane. Ina cikin cin tuwo ta zuba mini ido, ta ce, "Baba, kai mai nutsewa na ko mai tasowa?" Na ajiye loma, na ce, "Ni kike tambaya? Ni ɗan Argungu na. Garinmu da hannu ake kama kifi." Kuma ban yi ƙarya ba, da hannu ake kamawa. Ni dai duk bikin kamun kifin da na halarta, daga kan tudu na kalle shi, ina shan rake.

A daminar bana ruwa ya cinye hanyar gona, sai da jirgi. Munka shiga ni da ita da kawunta Maliki, ƙanin mahaifiyarta. Muna tsakiyar ruwa na hango shinkafata ta yi kyau, na miƙe tsaye in nuna musu. Jirgi ya karkata. Jama'a, nan take anka amsa tambayar Ummu Hani.

Na leƙo sau ɗaya ina laluben iska. Maliki, mutum mai gemu, mai iyali, ya duba cikin jirgi, ya ɗauko fartanya ya jefo mini, yana cewa, "Riƙa wagga!" Allah ya taimake ni ban cafke ta ba. Ga shi can zaune yana sunne kai. Maliki, ba tonon asiri nake ba, hujja nake kafawa. Ita kuwa 'yar aji ɗaya, sai ta zubar da ruwan shan da ke jarka, ta murɗe marfin tam, ta turo mini ita. Ta ce, "Baba, rungume ta! Malama ta ce in babu komi ciki kuma da marfi, ba ta nutsewa." Na rungumi jarkar nan runguma irin wadda ban taɓa yi wa ɗan'uwa ba, har Maliki ya jawo ni da wuyan riga.

Kuna dariya, ni ma yanzu ina yi. Amma ranar na ji tsoro ƙwarai, tsoron kada yarinyar nan ta ga ƙarshen ubanta da idonta. Ina kwance cikin jirgi ina aman ruwa, ta dafa kaina tana kuka, ta ce, "Baba, kai ma yanzu mun sani."

Ta uku roƙo ce. Malam Abbas, rediyo ana sake shi, makulli ana yanka wani, hula ana shanya ta. Ku bar mana Malama Dinatu a aji ɗaya, ku bar mata bahonta, ku bar mata karanta da dutsenta. Ke kuma Malama, an ce zango mai zuwa akwai darasin abin da ke cin wuta da abin da ba ya ci. Don girman Allah ki sanar da iyaye tukuna, mu ɓoye ashana, mu kai katifu gidan dangi.

Yanzu za a ce a ɗaga hannu. Ni ga nawa tun kafin a ce. Ku dube shi da kyau, domin ba don wancan baho ba, da yau yana ƙarƙashin gulbin Rima tare da fartanyar Maliki.

Allah ya raya mana yaranmu, ya buɗe musu ƙirji, ya kare wayoyinmu daga bincikensu. Allah ya saka wa malamansu da alheri, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya kuma a bushe.

Na gode.