Gonar da Nasidi Bai Faɗa Mana Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Malam Liman, Umda sarkinmu da dattawan Hausawan Umdurman, 'yan kwamitin wannan hara, wato unguwa, tamu ta Alsawra, abokan aikin marigayi da suka tsallako daga unguwar masana'antu ta Mantiƙa Sinaiya, Gogo Rakiya uwar gida, Amna da sauran iyali da ke bayan labule, da dukkan wanda ya baro uzurinsa ya zo wannan addu'a, assalamu alaikum.

Ni ne Hamuda. An ce in yi magana a madadinmu duka, domin ni ne na fi kowa daɗewa ina bin bayan keken Nasidi. Zan faɗi alherinsa, amma ku yi mini haƙuri in kun ji muryata ba ta zauna ba. Akwai maganar da ta hana mu barci tun da aka rufe shi, kuma ba zan sauka daga nan ba sai na faɗe ta.

Ya kasance ɗan kambo, irin bukkokin 'yan ƙwadago da iyayenmu suka zauna a ciki a Jazira suna tsinkar auduga. Ya shigo birni da ƙuruciyarsa, ya koyi walda a Mantiƙa, amma birni bai taɓa cire masa ƙaunar gona ba. Ya kasance mutumin da bai yarda da mota ba. Kullum sai ya haye ajalarsa, wannan baƙin keken da duk kuka sani, ya tsallaka gada ya tafi aiki. Mun sha tsokanarsa cewa keken ya girmi Abdullah, babban ɗansa. Shi kuma sai ya ce keken bai taɓa tafiya Saudiyya ya bar shi ba.

Ya kasance duk ranar Juma'a, bayan sallar asuba, sai ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Mu miƙa arewa, mu bar gidajen Alsawra a baya, mu wuce Karari, har kwalta ta fara hawa da sauka. Tudun wurin ba masu tsawo ba ne, amma suna cin gwiwa. Ka hau kana haki, ka kai sama, sai ka hango gonakin albasa da tumatir sun shimfiɗu har bakin kogi, babur, injin ban-ruwa, yana ta bugawa yana tura ruwa. Ni a nan nake neman inuwa. Shi kuwa a nan yake sauka daga kwalta ya shiga 'yan hanyoyin da ke tsakanin gonaki, domin a kowace kwana akwai Bahaushen da yake so ya gaisar. In na yi ƙorafi cewa mun yi zagaye, sai ya ce, "Hamuda, hanyar lafiya a bi ta da shekara." Ban taɓa cin nasarar gardama da shi a kan hanya ba.

Da yaƙi ya zo, wannan yawon da muke yi masa dariya ne ya zama rai a gare mu. Ni na kwashe iyalina na tafi Atbara. Shi ya zauna. Ya kasance lokacin da mota ba ta fita, man fetur ya ɓace, waya ta mutu, shi ke bin bayan gonaki yana kauce wa shingen masu bindiga, ya dawo da albasa da ganye a kan keke ya zuba wa matan takiyya, masu girkin sadaka, su dafa wa unguwa. Ya kasance mai kai saƙon baki daga gida zuwa gida: wane yana raye, wance ta haihu, kada a bi hanya kaza yau. Da yawa a cikinku daga bakinsa kuka fara jin cewa naku suna nan da ransu. Zumunta a ƙafa take, shi kuwa tasa a kan feda take.

Yanzu ga maganar. Lokacin da dana, wato harsashin igwa, ta fara faɗowa a hararmu, Gogo Rakiya tana kwance ba ta iya tafiya, Amna matar Abdullah ce ke jinyarta, ba ta da halin barin gida. Sai Nasidi ya ɗauki jikarsa, 'yar farin Amna, wadda a lokacin ba ta daɗe da iya magana ba, ya zaunar da ita a gaban keke, ya kai ta riƙo wurin wasu Hausawa masu aikin albasa a gonakin arewa. Ya ci gaba da zuwa duba ta. Da harbi ya lafa, sai kwalara ta shigo gari, ya ce a bar ta can tukuna, ruwansu ya fi namu. Ana cikin haka zazzaɓi ya kama shi, kafin a ankara Allah ya karɓi abinsa.

Ranar da aka naɗe tabarmin zaman makoki, Gogo ta ce wa Amna ta sa a je a ɗauko yarinya ta zo ta ga gidan kakanta. Amna ta dube ta, ta ce, "Gogo, ai ke kika san wurin." Gogo ta ce ita ta ɗauka ya gaya wa uwar ɗiya. Aka kira Abdullah a Saudiyya, ya ce shi duk zatonsa matan gida sun sani. Jama'a, babu wanda ya sani.

Kada wani ya ɗora wa Amna laifi, domin mu muka rene ta a kan haka. A wurinmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ɗokinsa a gaban manya, balle ta tsaya gaban surukinta ta ce masa ina ka kai mini 'yata. Ta gaya mini cewa duk ranar da ya dawo, sai ta durƙusa ta ajiye masa ruwa, ta ce, "Baba, yaya hanya?" Shi kuma ya gane abin da take tambaya, sai ya ce, "Hanya lafiya, mutanen hanya ma lafiya lau, har sun yi ƙiba." Da wannan take kwana. Shi ma kunyarta yake ji, ga kuma tsoron zamanin, da mutum ba ya son a san inda yake shiga da fita. Kunyar nan ado ce a gare mu, da ita muka bambanta a ƙasar nan. Amma a wannan karon ta rufe mana baki har mai amsar ya tafi.

Abin da ke ɗaga mini hankali shi ne lokaci. Ana gama cire albasa. Kun san mutanenmu na gona, da an ɗaure buhun ƙarshe sai su kwance bukka su bi aiki, bana ma da yawa suna maganar komawa Jazira tunda hanya ta buɗe. Masu riƙon ba su san Nasidi ya rasu ba. Shi ke zuwa wurinsu, su ba su taɓa zuwa wurinsa ba, ina jin ko lambar hararmu ba su sani ba. In suka gaji da jira, amana za su riƙe, su tafi da ita duk inda za su. Yarinyar kuwa, da ƙyar in tana tuna fuskar uwarta.

Ga ɗan abin da muka tattara. Amna ta ce yakan dawo da lemon tsami a aljihu, ya ce na gidan masu riƙon ne. Ta ce ya taɓa ambata cewa matar gidan tana dama fura irin ta mutanen Sinnar. Ni kuma na duba keken jiya, na ga jar laka ta bushe a ƙarƙashin sirdi, irin wadda na sani a gangaren da ke bayan Sarurab, inda hanya ke sauka wajen kogi. Amma gonakin wurin suna da yawa, mota ba ta shiga, kuma rabona da wurin tun kafin yaƙi. Rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka ina roƙonku, duk wanda Nasidi ya taɓa kawo wa saƙo daga arewa, duk matar takiyya da ta ji ya ambaci sunan wani manomi, duk direban da ya taɓa wuce shi a hanya, kada ya tafi yau sai ya gan ni. Gobe bayan asuba zan hau kekensa. Gwiwata ba kamar da ba ce, amma na san inda yake juyawa. Ina neman masu keke su biyo ni, mu rabu a kan hanyoyin, mu bi bukka bukka. Matambayi ba ya ɓata.

Gogo Rakiya, ki yi haƙuri, mijinki ya yi abin da ya ga shi ne daidai, ya fitar da jikarki daga wuta. Abdullah, na san za a karanta maka wannan, ka kwantar da hankalinka gwargwadon iko, ba za mu zauna ba.

Amna, ɗazu kafin in fito kin kira ni bakin labule, a gaban Gogo da dattawan mata, kika yi abin da ba ki taɓa yi ba tun ranar suna. Kika ce, "Baba Hamuda, ka faɗa musu sunanta Layla. Tana da tabo a gira ta hagu. 'Yata ce, ina son ta." To, na faɗa. Ku da za ku bi hanya gobe, da wannan sunan za ku yi sallama a kowace gona.

Mun gode wa Malam Liman, mun gode wa Umda da dattawa, mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Allah ka jiƙan bawanka Nasidi, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka sanya kowane saƙon alheri da ya kai a mizaninsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka kashe wutar da ke ƙasarmu. Ya Allah, ka tsayar mana da mutanen nan, ka sa mu iske su ba su kwance bukka ba.

Al-Fatiha.