Ina Cigiyar Kofur Sani Ɗan Jere

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ina gaishe ka da sauran masu sauraro. Sunana Bitrus, tsohon soja daga Kagoma.

Ina cikin sojojinmu da aka tura Laberiya. Wata rana muna sintiri 'yan tawaye suka buɗe mana wuta, harsashi ya same ni a cinya. Na faɗa rami, jini na zuba kamar an buɗe famfo. Har na fara addu'ar ƙarshe, don na ɗauka tawa ta ƙare.

Sai ga wani kofur mai kula da masu rauni ya rarrafo, harsasai na wucewa ta kansa. Ya zare bel ɗinsa ya ɗaure min cinya tamau, ya danne ciwon da bandeji. Da ya ji ina sambatu da Hausa ya ce, "Kai ɗan ina ne?" Na ce Kagoma. Ya ce, "Ashe ɗan gida ne! Ni Sani ne daga Jere. Kada ka rufe ido, faɗa min sunayen 'ya'yanka." Ina kiransu yana jana har bakin mota. Likita ya ce ba don ɗaurin nan ba da gawata za a kai masa.

Tun ranar ban sake ganin Sani ba. Ina ɗingishi, amma ina noman cittata. Don Allah mutanen Jere da Kagarko, wanda ya san shi ya gaya masa ina nemansa. Matata Rifkatu ta ce ba za ta huta ba sai ya ci tuwon hannunta. Ubangiji ya saka masa da alheri.